Filas ɗin Zoɓon da Ka Ba Malam Bulus

Zuwa ga Baban Hadiza,

Sallama da addu'a, Allah Ya haskaka makwancinka. Na san babu mai kai wasiƙa inda kake, ba kuma za ka karanta wannan ba. Duk da haka sai na rubuta, don bakina cike yake.

"Na yi miki alkawari, ko ɗigo ba zan bari a filas ɗin nan ba." Ka tuna? Haka ka ce ranar da likita ya tabbatar kana da hawan jini. Shekara biyu ina dafa maka zoɓo ba sukari, da 'yar citta da tafarnuwa, ina cika filas ka tafi da shi ofis. Kullum ya dawo wayam, ni kuma ina ta murna kamar wawiya.

To, jiya na gamu da Malam Bulus a kasuwar Shuwarin, mutumin Filato ɗin nan da teburinsa ke kusa da naka. Ya durƙusa har ƙasa yana yi mini godiya. Wai zoɓona ya yi masa rana. Kowace safiya kai kake miƙa masa filas ɗin, ka aika a sayo maka shayi mai kauri da sukari, ka bi da goro. Shi ya riƙa haɗa zoɓon da ƙwayoyinsa na asibiti, jininsa ya daidaita. Naka ƙwayoyin kuwa, a aljihun tebur suka tarar da su bayan rasuwarka, ko ɓare su ba a yi ba. Bawan Allah ya ɗauka na sani.

Ashe shekara biyu mijin wata nake jinya!

Na tsaya a gaban mai tumatir ina dariya, hawaye na zuba, har mutane suka fara kewaye ni. Ka san dalili? Ranar sadakar ukunka, Yaya Talatu ta faɗa a gaban mata cewa jiƙe-jiƙena ne suka cinye mata ƙane. Ni ma kuwa na yarda. Ni da nake karanta takardar cikin kwalin magani har ƙananan rubutun, na kwana na tashi ina tambayar kaina me na zuba fiye da kima. Ban gaya wa kowa ba, amma ina fita takaba na tuge yakuwar da ke bayan gidanmu kaf. Da nawa jinin ya hau bara, na ƙi zoɓon, na ƙi asibitin, don gani nake na cancanta.

Me ya hana ka ce ba ka so? Tsami ne? Da na rage. Tsoron bakina kake ji? Wannan kam na amsa laifina, na san ba ni da sauƙi. Amma ka zaɓi goro a kaina, Baban Hadiza?

Yau da safe na je an auna ni, na karɓi magani, na tambayi ma'aikaciyar ko zan iya haɗawa da zoɓo. Ta ce in sha daidai, kada in bar ƙwaya, in riƙa zuwa awo. Hadiza ta samo mini irin yakuwa daga Taura, ruwa kawai muke jira.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani. Amma fushina halal ne, kuma zan riƙe shi zuwa Juma'a. Ana saukowa daga masallaci zan yafe maka, duniya da lahira, in yi maka sadakar ƙosai. Asabar in shiga motar Aujara zuwa gidan yayarka, da filas ɗinka a jaka. An ce Yaya Talatu ma jininta ya hau. Zan ba ta labarin Malam Bulus tiryan-tiryan, in raka ta awo, in zuba mata kofi guda. Wannan karon ina tsaye a kai har a shanye.

Sai mun iso.

Matarka da ba ta huce ba tukuna,
Maman Hadiza