Sahun da Ba Hannuna Ya Saƙa Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da na fake a cikinta shekara arba'in da ɗaya, ruwan rijiyar da bai taɓa gurɓace mini ba, uwar 'ya'yana, abokiyar tsufana. Aminci ya tabbata a gare ki gwargwadon ɗigon ruwan sama da ganyen itatuwa.

Bayan gaisuwa, ina fatan gwiwar yayarki tana samun sauƙi tun bayan aikin da aka yi mata. Allah Ya ba ki ladan jinya. Yau kwana goma sha tara da tafiyarki. Kujerarki ta bakin taga tana nan, kwandon zarenki yana ƙarƙashinta, ni kuwa ina zaune a gefe kamar tsuntsun da aka sare masa reshe. Wayyo kewa! Amma ba kewa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami da wannan hannu mai rawa ba. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Kin tuna ranar da kika fara ɗora mini allurar saƙa a tafin hannu? Wata biyu ke nan bayan ciwon da ya taɓa mini ɓarin jiki, lokacin da cokali yake kuɓuce mini, likita ya ce a ba yatsun aiki. Na ɓata rai, na ce wane malami aka taɓa gani da ulu a cinya? Kika ce, "Malam, mai jan carbi ai ba zai kasa jan zare ba." Kika dafa yatsuna da naki, masu laushi kamar audugar farko, hasken hantsi yana kan kuncinki. Wallahi a ranar na koma ɗalibi, ban kuma taɓa zama a gaban malamin da na fi so ba.

Abin ɗaura wuya na fara saƙawa. Ya soma da faɗin tabarma, ya ƙare kamar wutsiyar ɓera. Na biyu hular jikanmu ce, wadda autarmu ta juya, ta sake juyawa, ta ce, "Baba, wannan sai dai a sa wa butar shayi." Muka yi dariya har da hawaye. Sai na uku, suwaitar nan mai launin ganyen zaitun da na ƙudura zan saƙa miki kafin sanyi ya shigo. A nan ne abin mamaki ya faru: saƙata ta miƙe! Sahu bayan sahu, a daidaice kamar masallata a bayan liman mai tsanani, babu rami, babu idon saƙar da ya zame. Na yi sujudar godiya. Na ce wa likita hannuna ya dawo. Na nuna wa abokan zamana a ƙofar masallaci, ina tunƙahon da bai dace da furfurata ba.

Ya hasken ɗakina, na shafe rayuwata ina yi wa ɗalibai gargaɗi a kan zato, ina ce musu guba ne da ake sha a ƙoƙon zuma. Ga shi yau ni ne nake kurɓarsa. Ina neman gafarar Allah, sannan ina neman taki. Amma ki saurari hujjojina, ki yi mini hukunci da adalci.

Makon jiya ulu ya ƙare, na ɗauki gaban rigar zuwa shagon da kike sayayya domin a dace da launi. Mai shagon ta shimfiɗa shi a kan tebur, ta gyara tabarau, ta bi shi da ɗan yatsa. Ta ce, "Baba, ku nawa kuke saƙa rigar nan?" Na ce ni kaɗai. Ta ce, "To, kenan hannu uku gare ka. Nan an matse zare kamar ana faɗa da shi, nan kuwa ga shi sakwa-sakwa, kuma idanun sun kwanta ta hagu. Wannan aikin bahago ne." Ta ga fuskata ta sauya, ta yi maza ta shiga yabon launi.

Bahago! Mutum nawa ne a gidanmu suke riƙe allura da hagu, ya ke barewata?

Na dawo ina tafiya ina tuno abubuwan da na gani na ƙi gani. Me ya sa duk ranar da na dawo daga sallar la'asar nake samun zaren bakin allura ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar gashin ɗan rago? Ba ke kika koya mini cewa zaren da aka warware ne kaɗai yake yin haka ba? Me ya sa kike ce mini in tsaya a gaisa da mutane, kada in yi gaggawar dawowa? Ni da na ɗauka tausayin kaɗaicina kike ji! Akwai ma ranar da na tabbata na bar rami a sahu na bakwai daga wuya, na dawo ban same shi ba, kika ce idona ne. Na yarda, domin ban taɓa kama ki da ƙarya ba, ko ta wasa.

Tun tafiyarki na saƙa hannun rigar ni kaɗai, ba mai taɓa mini. Ga shi a gabana yanzu. Ya karkace kamar hanyar maciji, ramuka biyar a cikinsa, ya fi hular jikanmu muni. Wannan shi ne aikina na gaskiya. Shin baya na ci, ko kuwa dama ban taɓa yin gaba ba?

Ba rigar ce ta dame ni ba, ya ke damina ta bayan fari. Wanda ya gyara maka kuskure a ɓoye ya suturta ka, sutura kuwa halin mutanen kirki ce. Abin da yake cin zuciyata shi ne dalilin. Ranar da muka je asibiti ta ƙarshe, likita ya ce, "Hajiya, ɗan tsaya," ya bar ni a kan benci ina kallon ƙofa a rufe. Kika fito kina gyara mayafi, idanunki sun kaɗa, kika ce, "Cewa ya yi a rage maka gishiri." Gishiri ne yake ɗaukar sulusin awa? Gishiri ne yake sa mace irinki, mai zuciyar dutse a gaban jarrabawa, ta yi shiru har gida?

Me ya faɗa miki game da hannun nan? Zai warke, ko zai ci gaba da mutuwa a hankali? Ina roƙon ki da girman zaman da muka yi, ki gaya mini. Ni da na yi wa mutane da yawa wa'azin haƙuri a gefen gadon jinya, kada ki hana ni damar gwada nawa. Idan ƙaddara ce, haƙƙina ne in tare ta a farke, ina mai cewa alhamdu lillahi da sanina. Akwai littattafan da ya kamata in raba wa ɗalibai, akwai wasiyyar da nake so in rubuta da hannuna tun yana iya riƙe alƙalami.

Ranar Alhamis zan koma wurin likita. Zan ajiye masa hannun rigar a kan tebur yadda yake, in janye maganar da na faɗa masa. Amma na fi so in ji daga bakinki kafin nasa, domin magani mai ɗaci ya fi haɗiyuwa daga hannun masoyi.

Kada kuma ki ji tsoron zan karye. Idan allura ta gagare ni, zan matso da kujerata gaban taki, in miƙa miki hannuwana biyu ki rataya ulu a kansu kina naɗewa. Wannan aiki ko hannu mai rawa yana iya shi, kuma mai yin sa ba ya da abin kallo sai fuskarki.

Naki a cikin lafiya da rashinta, mai riƙon amanarki har ranar da za a daidaita masa ƙasa, mai roƙon Allah Ya sake haɗa shi da ke a gidan da babu ciwo,

Mijinki, ɗalibinki.