Hutun da Tapan Ya Ɗauka

Diglipur, Tsibiran Andaman

Didi Shefali, yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar surukata Ma, ya yara? Mu lafiya lau, kada ki damu.

Ƙaninki Tapan, maigidana, da bai taɓa ɗaukar hutu ba tun zuwanmu aiki nan, shi ne ya aro mota wai mu zaga tsibiri. Kwana biyu muna ratsa kurmi, bini-bini ya tsaya ya ce in kalli itatuwa, shi kuma ya zaga bayan mota da gorar ruwa, kamar mai shan magani a ɓoye. Jiya muka sa gilashi da bututun numfashi muka shiga teku kallon murjani. Kifaye kala-kala, Didi! Ina ɗagowa na hango shi zaune kan yashi, dafe da ƙirji. Mutumin da ke ƙetare kogin garinku da iyo!

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Ke dai Moushumi kin cika sa ido. Ruwan gishiri na haɗiya."

In an samu mai zuwa, aiko mana busasshen mangwaron nan naki. Ubangiji ya ƙara wa Ma lafiya.

Didi, da ya zo gida watan jiya da sunan aiki, ke kika raka shi birnin Kolkata. Wurin wane likita kuka je? Shi ba zai faɗa ba, ke nake tambaya.

Ƙanwarki,
Moushumi