Kyautar Kawu Jibrin

Koki, Litinin

Yaya Jibrin,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Sa'ida da yara, kuma ciwon gwiwar ya lafa.

Jiya na ɗaga maka murya a shagonka na Ƙofar Wambai, a gaban masu ciniki. Ban kyauta ba, ka yafe mini. Amma tunda ba ka saurare ni ba, ga shi a rubuce.

Aikin kammala digirin 'yata Firdausi wata 'yar manhaja ce da ke karɓar lissafi, ta mayar da shi nan take zuwa umarnin da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke fahimta kai tsaye. Kowane irin firosesa da nasa umarnin, ita kuwa a kan tsohuwar kwamfutata ta gina nata. Kai ka ga murfin a ɗaure da salatif, ka ji mana kunya, ka sa ta kwashe fayilolinta zuwa sabuwar da ka saya mata, tsohuwar kuma ka kyautar wa direba mai tafiya Agadas. Firosesan sabuwar wani iri ne dabam. Da ta kunna manhajar, nan take take mutuwa.

Na ce ta ari irin tsohuwar wurin ƙawarta. Ta ƙi, domin ka shaida wa dangi za ka je ranar Alhamis ka ga kyautarka a gaban malamanta. Ta gwammace ta sake rubuta rabin aikin da ta kunyata kawunta.

Ka san fannin da nake koyarwa ke nan, ka kuma san na rantse da Allah ba zan taimaka mata ba, don kada a ba ta makin da ba nata ba. Yanzu ina kallonta tana fama, amsar tana bakina.

Ƙanwarka,
Mabruka

Koki, Juma'a

Yaya Jibrin,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka huta gajiyar jiya.

Ka ga manhajar ta yi aiki, ka tafa fiye da kowa, har ka gaya wa malaman wai kyan inji ne. Ga abin da ba ka gani ba.

Ranar Laraba komai ya daidaita sai abu guda: manhajar tana ajiye sakamako a gurbin da sabon firosesan ke adana adireshin komawarsa, wato inda zai koma ya ci gaba da aiki. Na shigo da shayi, idona ya faɗa kan layin da kuskuren yake. Ban taɓa kwamfutar ba, ban ce uffan ba. Amma da ta zo wucewa ta kansa, na yi gyaran murya. Ta dawo, ta duba, ta gyara.

Na so in gaya wa kaina ƙaiƙayin maƙogwaro ne. Ba shi ba ne. Ban cika rantsuwata ba, kuma na rubuta wa malaminta na faɗa masa layin. Zan ciyar da miskinai goma. Na yi niyyar cewa kai za ka kawo shinkafar, sai na tuna maƙogwaron nawa ne.

Ka gaishe da Anti Sa'ida.

Ƙanwarka,
Mabruka