Ƙwan Bakwai a Ƙarƙashin Huɗu

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin ƙasar mutane, yaya karatu? Mu nan Muchia lafiya lau, sai kewarki.

Kin san hannuna ba ya sauri. Da furfura a kaina na shiga ajin manya na coci, har yau da yatsa ɗaya nake danna waya. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Na sa wasiƙar nan a inda kowa zai gani ne don malaminki ma ya gani.

Tun ranar Lahadi da muka yi waya nake juya maganarki. Kin ce a cikin jinin kowace kaza akwai alamomi, ɗan tsako yana ɗaukar rabi daga zakara, rabi daga uwarsa. Kin ce kafin a fara aiki da su sai an tace. Alamar da na'ura ta kasa karantawa a kaji da yawa, a zubar. Wadda take iri ɗaya a jikin kowa, a zubar, tunda ba ta bambanta kowa da kowa. Abin ya burge ni, har na so in tambaye ki ko wannan alamar ce ta sa kaza ta zama kaza, amma na ji muryarki ba daɗi.

Sai kika faɗi ta uku: alamar da ta fito a jikin tsako, alhali babu ita a jikin ubansa, babu a jikin uwarsa. Kin ce irin wannan kuskuren na'ura ne, ita ma zubarwa ake yi. Amma naki sun yi yawa, kina ta zubarwa har abin da ya rage ba zai isa a gane komai ba, kuma duk daga 'ya'yan kaza mai lamba Huɗu suke fitowa. Malaminki yana zargin kin haɗa kwalaben jini, yana maganar a sake aikin daga farko. Shekara biyu, Rahila.

Ba ki haɗa kwalabe ba. Ki saurare ni.

Kin tuna lokacin da aka rufe makaranta, kika kwaso kajin gwajinki daga jami'a a Samaru a bayan keke-napep, muka yi musu akurki a bayan kicin? Kajin gida guda takwas, da farin zakaran Turawan nan mai faɗa. Kika ba ni littafi, kika ja layi, kika rubuta "uwa" a sama. Kika ce, "Mama, kowane tsako a sa masa lambar uwarsa a fiffike." Ban taɓa jin daɗin iya rubutu kamar ranar ba.

Satin da kika kwanta a asibitin Shika da zazzaɓi, kaza mai lamba Bakwai ta gama saka ƙwai tara, ta ƙi kwanci. Yawonta kawai take yi. Ita kuwa Huɗu ta kwanta a kan nata guda biyar, ko hatsi sai na ɗaga ta take ci. Na yi abin da kowace mace mai kiwo za ta yi, na kwashe na Bakwai na tura ƙarƙashin Huɗu. Goma sha biyu suka fito. Na buɗe littafi, na rubuta Huɗu sau goma sha biyu, ina lura kada hannuna ya karkace.

Ba ɓoye miki na yi ba, ko kaɗan ban ga abin faɗa ba ne. Kin san Goggo Tabita ce ta riƙe ni tun ina shan nono, ita na kira Inna har ta koma ga Ubangiji. A wurina wadda ta kwanta a kan ƙwai kwana ashirin da ɗaya, ta rame, ta kori shaho, ita ce uwa. Ban san jini yana da nasa littafin ba.

Yanzu ga tambayoyina, kada ki yi mini dariya. Tunda zakaran ɗaya ne, ba shi ya sa rabin alamomin suke yin daidai, rabin suke ƙi ba? Kin ɗebi jinin kajin nan takwas a gaban idona, ina riƙe miki fiffike. In kin ɗora jinin 'yan tsakin nan a kan jinin Bakwai, na'urar za ta iya ware nata daga na Huɗu? Kuma alamomin da kika zubar, ana iya tsinto su, ko sun tafi ke nan kamar ruwan wanki? Ina ganin ba su yi ƙarya ba. Gaskiya suke ta faɗa miki, rubutuna ne ya ƙaryata su.

Akwai kuma wadda nake son sani don kaina. Ɗumin jikin Huɗu na kwanakin nan, bai bar komai a jikinsu ba, ko ɗan abin da na'ura za ta gani? In babu, ki faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka.

Malam, in kana karantawa, ina gaisuwa. Yarinyar nan ba ta da sakaci. Laifin na mai littafi ne.

Uwata, in kin yi fushi kina da gaskiya. Amma ki kira ni ko da faɗa za ki yi, shirunki ne ba zan iya ba. Bakwai tana nan da ranta. Babanki ya so a yanka ta da Kirsimeti, na hana ba tare da na san dalili ba. In ana bukatar sabon jini, ni zan kai ta Samaru da kaina. Har yanzu ba ta kwanci.

Ubangiji ya buɗe miki aikin nan, ya mayar da kowane tsako ga mai shi, ya dawo mini da ke lafiya. Amin.

Ni ce mahaifiyarki, wadda ta haifa kuma ta kwanta a kai,
Maman Rahila