Maganin Baba Ya Tafi Gidan Emrys

Pontypridd,
ranar Laraba, bayan tashin kasuwa

Zuwa ga ƙanena Dilwyn,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da Carys da yara kuna lafiya, Allah ya sa sanyin Kanada bai daskarar muku da kunnuwa ba. Mu nan mun gode Allah. Ruwa dai yana ta zuba kamar ba shi da wani garin zuwa, cuku yana tafiya a rumfata ta kasuwa, ƙwai ne ya yi kwantai. ’Yata Rhian ta samu aiki a gidan burodi, ta fara ƙiba.

Ina yi maka albishir, mahaifinmu ya cika mutumin kirki. Duk kwarin nan babu mai kyautarsa. Wasu suna ba da riga, wasu su ba da kabeji, shi kuwa numfashinsa ya ɗauka ya bayar. Ka san tun da huhunsa ya toshe, nas ta ba shi ƙwayoyi kashi biyu ya ajiye a gida, ɗaya na kashe ƙwayar cuta, ɗaya na rage kumburin ƙirji. Ta ce ranar da ya ga kakinsa ya tashi daga fari ya koma kore, ko haki ya fi na kullum, ya fara sha nan take, ya buga mata waya. Ya ce ya ji. Ashe maƙwabcinsa Emrys, wanda suka yi aikin ramin kwal tare, shi ma ƙirji ya kama shi, kuma tsoro ya hana shi zuwa asibiti, wai kada a ɗauke shi a kai shi gidan tsofaffi. Sai Baba ya miƙa masa kwalin gaba ɗaya ta kan shinge, kamar mai ba da aron tsani.

Ba a jima ba ciwon Baba ya tashi. Kunya ta hana shi neman wani kwalin, don kada nas ta tambayi inda na farkon ya shiga. Ya riƙa ɓoye hankicinsa a aljihu, yana wanke shi da kansa. Ni da nake gane ruɓaɓɓen ƙwai tun yana cikin kwali, sai ga tsoho ya rufe ni. Ranar Asabar na biya da miya, na same shi zaune a tsakiyar matakala, bai hau ba bai sauka ba, leɓɓansa sun yi shuɗi. Wai hutawa yake yi, yana duba fentin bango.

Ya kwanta asibiti da robar iska a hanci. Da ya ɗan farfaɗo na zauna na wanke shi tas, na ce ba a yin kyauta da abin da ba a da na biyunsa. Ya bari na gama, ya ja numfashi ya ce, “Yarinya, a ƙarƙashin ƙasa wanda ya ɓoye gorar ruwansa ba a sake gaishe shi.” Dilwyn, ni da ban taɓa barin mai ciniki ya yi maganar ƙarshe ba, sai na tashi na gyara masa filo. Hali zanen dutse.

Likita ta faɗa min gaskiya. Kowane tashin ciwon nan yana gutsurar huhun, abin da ya gutsura kuma ba ya dawowa. In aka sake irin wannan, matakalar ta fi ƙarfinsa, zaman gidan da Mama ta rasu a ciki ya ƙare. Ka san in aka fitar da shi daga gidan nan, gangar jiki kawai za a ɗauka.

Na yi abin da zan iya. Na ja Emrys wurin nas yana ta kirana ’yar sanda, ba a tsare shi ba, yanzu yana da kwalinsa. An yi musu allurar rigakafin mura, an sake koya musu riƙon abin shaƙar maganin ƙirji, don Baba rabin maganin a harshe yake zubarwa. Kullum da safe suna haɗuwa a shinge, kowa ya buɗe hankicinsa, Emrys ya ce na Baba ya yi kama da miyar alayyafo, Baba ya ce masa makaho ba ya alƙalanci. Amma akwai sauran tsofaffi masu tari a kulob ɗin tsofaffin ma’aikatan kwal, duk abokan ramin Baba ne, ina tsoron sabon kwalinsa ma ya tafi, ni kuma rumfa ba ta buɗe kanta. Maganarka ta fi tawa shiga kunnensa, na nesa ai shi ne mai daraja. Sai dai zumunci a ƙafa yake.

Ka gaida Carys, ka shafa min kan Owain da Megan. Goggo Eirlys tana gaishe ku, Rhian ma haka. Baba ya ce in gaya maka lafiyarsa ƙalau.

Yayarka,
Nerys

Kafin in liƙe ambulan: ka ce za ka taho duk ranar da Baba ya buɗe baki ya ce yana bukatarka. Tun tasowarmu, ka taɓa jin ya roƙi ko gishiri a kan tebur?