Mu Bakwai Ne

Kawu Bulus,

Gaisuwa mai yawa daga Samaru. Yaya ƙafar taka, yaya Inna da sanyin Jos? Mu lafiya lau.

A asibitinmu na Sabon Gari an hana mu shugabannin sashe kafa ƙungiya, wai mu ma hukuma ne. Ɗaya-ɗaya ake kiranmu maganar lokutan aiki, wanda ya yi gardama a sallame shi. Ran Talata Darakta ya kira ni, na tarar da kujera ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu bakwai ne." Na ƙi zama. Kawu, sai da aka ƙaro kujeru shida, aka kira sauran!

Jibi za mu sake zama, a sa mu a addu'a. Gai da su Talatu. Tsayuwar nan wurinka na koya, tun kana jagoran ma'aikatan reluwe.

'Yarka,
Rifkatu