Robar Injin Motar Baba

Laraba, bayan isha'i.

"Hajiya, matsa baya, in baƙin man nan ya taɓa mayafinki ba ya fita." Da haka Malam Iro bakanike ya tarbe ni a garejinsa na Tudun Wada ranar Lahadi. Robobin da injin motar marigayi Baba ke zama a kansu sun tsage, sai karkarwa take kamar mai zazzaɓi. Na nema har Kwangila, babu irinsu. Yaya Bashir kuwa ya ce in ba ta gyaru a makon nan ba, 'yan gwangwan zai kira ya sayar musu da ita.

Malam Iro ya ƙone tsohuwar robar, ya kankare ƙarafan da ke riƙe da ita, ya toshe ƙasansu da salatif, ya gauraya ruwan foliyuretan na gwangwani biyu, mai daskarewa ya zama roba, ya zuba a ciki. Sai ya ɗora su kan janaretan mai walda yana aiki. Na tambayi dalili, da muryar mai digiri a kimiyyar sinadarai.

"Girgizar ce ke fito da kumfa. In iska ta kwana a ciki, daga nan zai fara tsagewa."

Mu ma a jami'a akwai na'urar yin wannan. A allo aka zana mana ita.

Yau na koma. Ya tada injin, na dafa sitiyari, sai ɗan tsuma kawai na sabuwar roba.

"Ki ce wa Bashir ya nemi wani abin sayarwa."

Na ce yanzu ma kuwa. Na ja ƙofa na rufe, na kama hanyar gidan Yaya Bashir a Tudun Jukun.